Farautar lambobin QR a darasin lissafin siffofi: inda malamai ke tuntuɓe

Malami zai liƙa lambobin QR, wato hotunan nan masu ɗigo-ɗigo da kyamarar waya ke karantawa, a wurare shida cikin makaranta, ɗalibai su haska waya, tambaya ta fito, amsarta ta kai su wuri na gaba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba wa lambar tambayar da yaro zai iya amsawa yana zaune a benci, irin su "digiri nawa ne jimillar kusurwoyin alwatika?" Ya ce 180, ya ruga da gudu, bai auna komai ba. Gyaran shi ne kowace tambaya ta rataya a kan abin da ke wurin. A jikin gangar ruwa, a ce su zagaye ta da zare, su auna zaren, su fitar da faɗin bakinta: in kewayen ya ba da santimita 176, su raba shi da 22/7, za su samu 56. A kusurwar aji, a ba su igiya mai mita 12 da aka yi wa alama a mita 3 da mita 7, su haɗa alwatika mai gefen mita 3, 4 da 5 da ita, su gwada ko ginin ya tashi daidai, dabarar 3-4-5 da magina ke amfani da ita.

Auna tsayin dogon-yaro da inuwa yana da daɗi, amma lokaci ke ɓata shi. Sakkwato, alal misali, tana wajen digiri 13 arewa, don haka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana kan tsaya kusan tsakar ka da tsakar rana, inuwa ta shige ƙarƙashin bishiya. A yi shi kafin ƙarfe goma, zafin ma bai taso ba. Sanda mai mita 1 ta ba da inuwa mita 1.5, bishiya ta ba da mita 9, tsayinta mita 6 ke nan. A auna inuwoyin biyu a tare, domin tazarar minti ashirin ta isa ta canza amsa.

Sai ita lambar kanta. Da yawa suna sa adireshin intanet a ciki, ranar wasa kuma data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Lambar QR tana ɗaukar rubutu zalla, waya ta karanta ba tare da intanet ba. A taƙaita rubutun zuwa jimla biyu, don in ya yi yawa ɗigogin kan ƙanƙance, ƙaramar kyamara ta kasa gani. A buga ta da faɗin santimita 8 zuwa 10, a bar farin gefe kewaye da ita, kada almakashi ya ci shi. Leda mai ƙyalli tana kare ƙurar hunturu, amma a rana sai ta dallare kyamara, saboda haka a liƙa a inuwa, daidai tsayin idon yara. A gwada kowace da waya mafi rauni da ake da ita, a duba ko ɓ, ɗ da ƙ sun fito.

Kada a saki aji mai ɗalibai sittin a lamba ta farko. A raba su gida shida, kowane rukuni da wayar malami ɗaya, tef da ma'aunin kusurwa, kowa ya fara daga wuri daban su zagaya. Mai riƙe waya ya canza a kowace tasha, in ba haka ba mai ƙarfin cikinsu zai riƙe ta har a tashi.

Awon hannu ba ya faɗawa daidai wa daida. In aka ce sai 56 cif ce za ta buɗe hanya, wanda ya samu 55 zai tsaya cirko-cirko. A rubuta: "Daga 54 zuwa 58, ku nufi ofishin shugaban makaranta; in ba haka ba, ku sake awo." A ware minti goma na ƙarshe a koma aji, kowane rukuni ya rubuta awonsa a allo, a tambayi dalilin da ya sa ganga ɗaya ta ba da amsa shida.