Yadda Ake Gane Tsohon Ril Na Kamun Kifi Ba Tare Da An Lalata Shi Ba

Ril shi ne ɗan injin nan da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa don naɗe zare. Masuntanmu na Argungu da Yawuri da koma da gora suka saba, saboda haka tsofaffin ril daga waje suke: Ingila, Amurka, Faransa, Suwidin. A kasuwar intanet ta eBay za ka fi samunsu, wani lokacin kuma a cikin kayan gwanjo.

Da farko juya shi ka nemi sunan maƙeri da garinsa. Hardy na garin Alnwick ne a arewacin Ingila, kamfanin ya fara a 1872, kuma ril ɗinsu mai suna Perfect ya fito a 1891. In ka ga sunan Meek ko Milam tare da garin Frankfort na Kentucky a Amurka, ka riƙe da kyau, aikin hannu ne na ƙarni na 19, daga mutanen da suka san gyaran agogo. Mitchell 300 na Faransa da Ambassadeur 5000 na Suwidin kuwa an ƙera su da yawan gaske, kada tsufansu ya sa ka zuba kuɗi. Ni dai da su nake cewa sabon shiga harkar tara tsofaffin ril ya fara, don suna da araha.

Shekarar da aka buga a jiki tana yaudarar mutane. Sau da yawa ranar rajistar haƙƙin ƙirƙira ce. Ril na kamfanin Orvis mai ɗauke da 1874 na iya zama an ƙera shi shekaru da dama bayan haka.

Sai ka duba ƙafar da ke zama a kan sanda. Masu kamun kifi na zamanin da sukan goge ta da zarto don ta shiga sandarsu, kuma wannan na karya farashi sosai.

Yanzu ga inda na ga sababbin shiga suna yin ɓarna: wanki. Mutum ya samu ril na tagulla ya yi duhu, sai ya ɗauko Brasso, man goge ƙarfe, ya dirje shi har yana ƙyalli, yana murna. Wannan duhun shi ne shaidar shekarunsa, shi masu tarawa ke biya wa kuɗi, kuma in ya tafi ba ya dawowa a zamaninka. Tsofaffin Hardy na alminiyam suna da wani baƙin shafe mai laushi wanda gugar tsumma da ƙarfi ma tana cire shi. Ril masu gefen baƙar roba mai tauri, irin na Edward vom Hofe na New York, ruwan zafi ko rana na mayar da su ruwan ƙasa. Don haka ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, tsohon buroshin haƙori, shi ke nan. Busasshen giris na cikin haƙoran inji kananzir ke narkar da shi, amma kada ya taɓa robar.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto da waya. Sukundireba kuma dole bakinta ya cika tsagin sukuru daidai. In babu mai dacewa, sayi mai araha ka goge bakinta har ta zauna, don sukuru mai cinyayyen kai ba a ɓoye shi, na asali kuma samunsa wahala ne. In ya ƙi juyawa, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana.

Bayan ya bushe, ɗigon man keken ɗinki ya isa. Cire tsohon zare don yana riƙe danshi, ka ajiye ril a inuwa. Kwali da takardunsa, ko sun yage, kada ka yar, suna ƙara masa kuɗi.