Darasi Na 6: In Kwamfutar Gem Ta Fara Gurnani Da Zafi

Assalamu alaikum 'yan aji. Darasin yau na masu kwamfutar buga gem ne, ko kai da ka buɗe ɗan shagon gem a unguwa yara na zuwa suna biya, ko ke da kika saya wa ɗanki yanzu ta hana kowa barci da daddare saboda ƙara. Abin da nake so mu fara kamawa shi ne ƙarar nan ba ita ce cutar ba. Fanka ce take gudu iya ƙarfinta don cikin akwatin ya ɗau zafi, kamar yadda mutum ke haki in ya sha gudu, to zafin za mu bi, ba ƙarar ba.

Abu biyu ne suka fi kawo zafi a ciki. Akwai furosesa wato CPU, ƙwaƙwalwar na'urar kenan, sai katin hoto da ake ce wa GPU, shi ke zana duk abin da kake gani a sikirin. Kowanne an ɗora masa wani ƙarfe mai tsaga-tsaga irin lagireton mota, ƙarfen ya zuƙe zafi fanka kuma ta busa shi waje. Duk abin da ya tare hanyar iskar nan, shi ne ɓarawon.

Kafin ka taɓa sukundireba, fara da kunne. In ƙarar iska ce kawai, fuuu, tana ƙaruwa in an shiga gem tana raguwa in an fita, zafi ne. In kar-kar-kar kake ji, ko dai waya ce take taɓa fiffiken fanka ko kuma fankar ta ci boris, wannan sai canji kuma ba ta da tsada sosai. Akwai wani siririn fito kamar kukan sauro da ke fitowa daga katin hoto, yana da ban haushi amma yawanci ba ya ɓata komai. Wanda nake tsoro shi ne ƙas-ƙas-ƙas daga tsohon hadis mai juyawa, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, in ka ji shi kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri yau ɗin nan, kar ka ce sai gobe.

Sannan a auna, kar a yi ta ɗora hannu a kan akwati ana cewa ai da zafi. Akwai manhajoji na kyauta kamar HWMonitor da MSI Afterburner da za su nuna maka lambar zafin. In kana buga gem ka ga digiri 60 zuwa 85 ba damuwa, amma in furosesa ta kai wajen 95 zuwa 100 ita da kanta za ta rage gudu don kar ta ƙone, nan ne za ka ga gem yana sarƙewa yana tsalle-tsalle, in abin ya yi tsanani ma ta mutu ɗif ana tsakiyar wasa.

To yanzu babban mai laifi, ƙura. Mu nan da muke shan hazon hunturu daga Nuwamba har Fabrairu, sannan zafin Afrilu ya zo ya haura digiri 40, kwamfutarmu tana shan wahalar da ta mutumin Ingila ba ta sha. Ɗan ƙanena ya taɓa kawo min tasa yana cewa Baba fankar ta lalace a saya min sabuwa, da muka kwance murfin gefe sai ga ƙura ta yi kauri a gaban lagireton kamar an shimfiɗa bargo, na sa yatsa biyu na ɗago ta ta taso gaba ɗaya ba ta yage ba, har da saƙar gizo a lungu. Fankar lafiyarta ƙalau, iska ce ba ta da hanyar wucewa. Ko kwabo ba mu kashe ba ranar.

Ga yadda ake yi, kuma a bi a hankali don Allah. Kashe kwamfutar, zare wayar daga soket, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Fito da ita waje, tsakar gida ko bakin shago. Taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki, kun san yadda ƙofar mota ke ɗan fizgar mutum lokacin sanyi, to wannan 'yar wutar ta jiki tana iya kashe kayan ciki. Sai ka sa buroshi mai laushi da bulowa irin ta masu gyara, amma ka riƙe fiffiken fanka da yatsa lokacin da kake busawa, in ka bari iska ta yi ta juya ta da ƙarfi za ka kashe ta da hannunka. Ban da busawa da baki saboda yawu, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Akwatin wutar nan kuwa da wayar soket ke shiga, fawa fak, busa shi ta waje kawai, kar ka kwance shi ko da wasa, yana riƙe wuta ko an zare shi kuma tana iya illata mutum. Lokacin hazo ni duk wata nake duba tawa.

Wurin ajiya ma yana da nasa. Mutane na son cusa ta cikin kabad ko su manna ta da bango ko su dire ta ƙasa kan kafet inda duk ƙurar ɗaki take taruwa. Ɗaga ta kan tebur, ka bar kamar ɗani guda tsakaninta da bango. Masu laftof kuma katifa da filo su ne ajalinta, ramukan iskarta a ƙasa suke, ko faranti ne mai faɗi ka sa mata. Tsarin iska shi ne ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama, in kana shakkar an ɗaura wata fanka a juye sa 'yar takarda kusa da ita ka ga ko ja take ko turawa.

In an share ƙura zafin bai sauka ba sai a duba man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen nan, masu gyara na ce masa tamal fes. Bayan wasu shekaru yakan bushe ya zama kamar busasshen laka. A goge tsohon da alkohol na kayan lantarki mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan ana tsallakawa kusurwa zuwa kusurwa. Na ji ana sa man goge baki, don Allah a daina. In sabon ƙarfe ne ka saya, leƙa ƙasansa, akwai 'yar leda da ake mannawa, da yawa suna mantawa su ɓare ta. Wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa mai gyara ya tsaya ya kalla, karo na gaba sai ya yi da kansa.

Saura ɗaya da ba ya buƙatar kwance komai. In sikirin ɗinka hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, katin kuma yana ta zana 200, wahalar banza yake yi. Shiga saitin gem ɗin ka tsayar da FPS, wato yawan hoton da ake zanawa a daƙiƙa, a 60 ko ka kunna V-Sync mai daidaita katin da sikirin, nan take za ka ji fankar ta lafa.

Aikin gida: kowa ya rubuta lambar zafin kwamfutarsa bayan minti 20 da fara gem, ya share ƙura, ya sake aunawa, ya zo mana da lambobin biyu a littafinsa darasi mai zuwa.