Gumi ba shi ne ma'auni ba: kurakuran matasa wajen auna motsa jikinsu

Tambayi ɗan shekara 15 a Kurna ko Gwale ko yana motsa jiki, zai ce maka, "Haba Yaya, ni da nake buga ƙwallo?" Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga mai shekara 5 zuwa 17 kuwa shi ne minti 60 a kullum na motsin da ke ɗaga numfashi. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan. Matsalar sau da yawa a yadda matasa ke lissafin motsinsu take.

Babban mai ruɗin mutane a Kano gumi ne. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, kana zaune cikin Adaidaita Sahu a cunkoson Kantin Kwari ma sai rigarka ta jiƙe sharkaf, alhali ko ƙafa ba ka ɗaga ba. Ka bar duba riga, ka saurari numfashinka. Idan kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, motsin ya shiga lissafi. Idan kalma biyu-uku kawai ke fita kafin ka ja iska, ka kai ga motsi mai ƙarfi.

Sai ƙwallon kanta. Yaro zai ce ya yi awa biyu a fili, ya manta da jiran a fitar da wasu kafin su shiga, da gardamar fenariti, da tsayuwa a gola. Ka ƙirga mintocin da ka yi gudu kaɗai. Kuma wasan Lahadi ba ya biyan bashin sauran kwana shida. Ba dole sai a tashi ɗaya ba: tafiyar sauri zuwa makaranta da safe, wata zuwa Islamiyya bayan La'asar, duk tarawa ake yi. Zama a gidan kallo dai, komai ihun da aka yi wa Pillars ko Arsenal, zama ne.

'Yan mata nasu ƙarancin motsin ya fi yawa, kashi 85 a wancan binciken, maza 78. Wata ta wuni tana aikin gida sai ta ɗauka ta gama. Ɗiban ruwa da daka da wankin hannu motsi ne sosai, amma tsince shinkafa a kan tabarma gajiya ce kawai. Tsallen igiya a tsakar gida zai cike giɓin, ba sai an fita waje ba.

Akwai kuma masu cewa, "Ni ai ba ni da ƙiba." Siriri ma yana iya zama marar ƙarfin zuciya da huhu. Mai gardama ya hau Dutsen Dala da sassarfa, ya ji yadda ƙirjinsa zai yi kafin ya kai sama.