Kurakuran da ke cinye fatar jirgin ruwa na faiba wajen wanki da goge

Kafin ka buɗe gwangwanin kaki, shafa tafin hannunka a gefen jirgin. In ka ɗago ka ga farin gari kamar ka goge allon aji, mayar da murfin gwangwanin ka rufe, lokacinsa bai yi ba. Wannan garin fatar jirgin ce da rana ta ƙona. Jirgin faiba, wato wanda aka ƙera jikinsa da zaren gilashi, yana da wata siririyar fata a waje da ake kira jelkot, ita ce ke ɗauke da launi da sheƙi, ita ce kuma ke tsare zaren gilashin da ke ƙasa daga ruwa. Kaurinta bai wuce rabin milimita zuwa abin da bai kai milimita ɗaya ba. Duk abin da ka kankare daga jikinta ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Wanda ya riƙe wannan a ransa, rabin kurakuran da ke ƙasa ba zai yi su ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa kaki a kan wannan fatar da ta ƙone. Ranar farko jirgi zai yi ɗan ƙyalli, mai shi ya yi murna, bayan mako biyu ko uku ya koma fururu kamar ba a taɓa shi ba, wani lokaci ma da dabbare-dabbare. Kaki ba ya gyara komai, aikinsa tsaro ne kawai, kuma ba ya kama jikin da ke zubar da gari. Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Akwai man kankara, wanda ake sayarwa da sunan kwamfawun, mai ƙananan ƙwayoyi masu kaifi da ke cire matacciyar fatar. Akwai folish, mai ƙwayoyi masu laushi, da ke share ƙananan zanen da man kankara ya bari ya fito da sheƙi. Sannan kaki ya zo a ƙarshe ya rufe. In jirgin ya ɗan dusashe ne kawai, folish da kaki sun isa. In yana zubar da gari, sai an fara da man kankara. In har man kankaran ya kasa, a nan ne ake komawa ga samfefa mai laushi da ruwa, lamba 1000, sannan 1500, sannan 2000, kuma wannan aiki ne na mai haƙuri.

Amma kafin duk wannan akwai wanki, kuma a nan ake fara ɓarna tun ba a je ko'ina ba. Sabulun wanke-wanke an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, saboda haka yana wanke kakin da ka sha wahalar shafawa. In kana shirin sake goge jirgin daga farko, ba laifi. Amma don wankin yau da kullum, nemi sabulun jirgi ko na mota mara ƙarfi. Garin goge tukunya da soso mai kaushi kuwa, nisanta su da jirgin gaba ɗaya. Suna barin dubban ƙananan zane, datti ya samu maɓoya, jirgin ya riƙa saurin baƙi fiye da da. Soson ƙarfe ya fi su muni: yana zubar da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, bayan kwana biyu kowane ɓurɓushi ya zama ɗigon tsatsa a kan farin jiki.

Fara da kwarara ruwa mai daɗi daga sama zuwa ƙasa, har sai yashi da gishiri sun sauka. Gishirin da ya bushe tamkar yashi yake a ƙarƙashin tsumma. Ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, don kada ka mayar da dattin da ka cire. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuma ya gama aikinsa na ranar, ɗauki wani.

Akwai wani rawaya ko jan layi da ke fitowa daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Mutane kan duƙufa a kansa da ƙarfin tuwo, su yi ta dirza har su cinye fata, layin yana nan. Ba ƙarfi yake so ba, asid yake so. Maganin wanke ƙasan jirgi mai asid ɗin ogzalik yana ɗauke shi cikin 'yan mintuna, shi da tabon tsatsar da ke gangarowa daga ƙarafa. Shafa, jira kaɗan, kada ka bari ya bushe, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Sa safar hannu da tabarau. In jirgin yana kan tirela, jiƙa tirelar tukuna ka kuma wanke ta sosai bayan ka gama, don asid yana cin rufin da ke hana ƙarfenta tsatsa. Ka tuna wurin ya rasa kakinsa, sai an sake shafawa. Wata magana kuma da ba ta wasa ba ce: kada ka taɓa haɗa bilic, wato ruwan nan mai sa tufafi su yi fari, da asid ko da maganin da ke da amoniya. Iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona huhu, balle a cikin ɗakin jirgi da iska ba ta zagayawa.

Yanzu injin goge. A nan na yi nawa kuskuren, kuma har yau yana ci mini rai. Ina goge wani jirgi shuɗi da inji mai juyawa da faifan ulu, sheƙi yana ta fitowa, daɗi ya kwashe ni. Na zo kan wani kaifin lanƙwasa kusa da baya, na karkata faifan na danna na ɗan tsaya. Ban fi ƙiftawar ido biyu ba. Da na ɗaga, sai ga wani wuri kamar faɗin babban yatsa, shuɗin ya tafi, wani duhu-duhu yana leƙowa daga ƙasa. Na ɓula fatar. Babu folish a duniya da zai mayar da ita, sai da aka haɗa sabon jelkot aka cike, launin ma bai zo ɗaya ba sarai. A kan kusurwa da kaifi fatar ta fi siranta, kuma duk nauyin injin a wuri guda yake sauka. Liƙa tef a kan irin waɗannan wurare, ka bi su da hannu daga baya.

Sauran ƙa'idodin injin ba su da wuya. Kada ka buɗe masa wuta, juyi 1200 zuwa 1800 a minti ya wadatar. Kwantar da faifan a jiki, kada ya tsaya wuri ɗaya, kuma ɗauki ɗan fili kamar santimita 60 kowane gefe, ka gama shi kafin ka matsa. Taɓa wurin lokaci-lokaci, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, dakata. Mai kaɗan ake sawa. Wanda ya lafta shi da yawa, faifan zai toshe ya riƙa watsi, ya daina cizo. Riƙa tsefe faifan, kuma kada faifan man kankara ya zama shi ne na folish. Sabon shiga gara ya fara da injin da ke juyawa yana karkarwa lokaci guda. Ya fi jan lokaci, amma da wuya ya ƙona fata. In wayar wuta za ta bi kusa da ruwa, a haɗa ta da na'urar da ke yanke wuta da kanta idan an samu yoyon lantarki.

Kullum ka fara da abu mafi laushi a wani ɗan lungu da ba a gani. In folish ya yi aikin, me ya kai ka man kankara? Ka kuma tabbatar da abin da ke jikin jirgin. Wasu tsofaffin jirage an yi musu fenti a kan jelkot, kuma akwai nau'in fentin jirgi da sheƙinsa a wani siririn saman yake, inji na taɓa shi ya tafi.

Rana ma tana ɓata aiki. A kan jiki mai zafi, mai da kaki suna bushewa kafin ka yi komai da su, su kafe su bar zane. Nemi inuwa ko sanyin safiya bayan raɓa ta bushe. Shafa kakin siriri, kamar ba ka shafa ba. Kauri ba ya ƙara tsaro, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa, sauran duk a tsumma zai ƙare. Jira ya yi hazo-hazo, ja yatsa a kai, in ya fita fes ba tare da maiƙo ba, goge da tsumma mai laushi. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Kakin karnuba, da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ta ƙasar Barazil, yana ba da sheƙi mai zurfi, amma a rana da ruwan gishiri ƙarfinsa 'yan watanni kaɗan ne. Na haɗin sinadari ya fi shi daɗewa. Kada ka dogara da kalanda, watsa ruwa ka gani. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, kaki yana nan. In ya baje ya kwanta, lokaci ya yi. Jirage masu duhun launi, baƙi da shuɗi da ja, sun fi ɗaukar zafi kuma sun fi saurin nuna dusashewa, su ne za ka fi yawan dubawa. In akwai hali, rufe jirgin da tamfol mai barin iska ta shiga, don rana ce ke yin mafi yawan ɓarnar.

Wurare uku kuma kaki na yau da kullum ba ya zuwa. Daɓen da ake takawa, mai ƙurji-ƙurjin hana santsi, in ka shafa masa kaki ka haɗa wa mutane tarko, ƙafa a jiƙe za ta kwashe su. Akwai maganin da aka yi musamman dominsa. Fentin ƙasan jirgi mai hana gansakuka da ƙwarin ruwa mannewa, dole ya taɓa ruwa kafin ya yi aiki, kaki yana toshe shi. Sai wurin da kake shirin yi wa faci ko fenti, musamman in kakin yana da silikon, don sabon shafin ba zai kama ba, zai yi ta buɗe ƙananan idanu. Tagogin roba kuwa, kada asiton, wato sinadarin nan mai narkar da fenti, ko maganin gilashi mai amoniya ya kusance su, suna sa su hazo da tsattsagewa. Ruwa, ɗan sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi su ne nasu.