Alamar ɗebewa da ta ci mini shekara guda

Na daɗe ina yi wa 'yan SS3 lesin ɗin lissafi da yamma a unguwarmu, Pantami, kuma duk lokacin da WAEC ta ƙarato sai in tarar da kurakurai iri ɗaya a littattafansu, kamar gadonsu suka yi daga yayyensu. Na gaji da jan biro, gara in rubuta.

Babban ciwon shi ne alamar ɗebewa da ke gaban baka. Ka ba yaro 3x − (x − 4) = 10, sai ya buɗe baka ya rubuta 3x − x − 4, ya samu x = 7, har da ja masa layi biyu a ƙasa yana murmushi. Amsar kuwa 3 ce, domin ɗebewar nan ta shafi duk abin da ke cikin baka, −4 ya koma +4. Ni wannan alamar ta kayar. Na fito daga ɗakin jarabawa ina bugun ƙirji, sakamako ya zo da D7, ga shi jami'a ba ta karɓar ƙasa da C6 a kwas ɗin da nake nema. Shekara guda na yi ina awon gero a shagon kawuna, abokaina sun tafi sun bar ni.

A shagon ne ma na gane abin. Kana da naira 500, kayan na 200 ne, mai shago ya yi maka ragin 30. Wato 500 − (200 − 30), canjinka 330. Wanda ya rubuta 500 − 200 − 30 zai karɓi 270, ragin da aka yi masa ya zama ƙari ke nan. A kasuwa ba wanda zai yarda da wannan cuta, to me ya sa a takarda kuke yarda? Ni dai har gobe, kafin in taɓa baka sai na zagaye alamar da biro. In na samu amsa kuma in mayar da ita cikin tambayar. Sa 7 a tambayar farko ka gani: 21 − 3 ya ba 18, ba 10 ba. Minti guda bai cika ba ka kama ɓarawon.

Na biyu, kashe lamba da ka. Yarinya ta ga (6 + 4) bisa 2, ta soke 2 da 4, ta ce 8. Na ce, "'Yata, goma aka raba wa mutum biyu, a wane gari kowa ke samun takwas?" Ta ce, "Malam, ai haka muke yi." Ba a sokewa sai in ninkawa ce tsakanin lambobin sama. In tarawa ce, tara tukuna. Ƙanin wannan kuskure shi ne mai cewa (a + b)² daidai yake da a² + b², ya jefar da 2ab kamar ba shi da mai shi. Gwada da 2 da 3, za ka ga 25 a nan, 13 a can.

Sauran ƙanana ne. Rabi da sulusi ba 2/5 ba ne, 5/6 ne. 2 + 3 × 4 amsarsa 14, ninkawa ke gaba. Ribar kashi cikin ɗari a kan kuɗin saye ake lissafa ta. Kada ka haɗa mita da santimita a layi ɗaya.

Masu kalkuleta kuma, ku ji ni da kyau. Ka danna −3² ta ba ka −9, ka zo kana rantsuwa an cuce ka, alhali kai ne ba ka sa −3 cikin baka ba. Kuma ku daina rubuta amsa tsirara a takardar da ake nuna aiki. Ana ba da maki a kan hanya, ko da ƙarshen ya karkace. A ajina, duk wanda ya kawo mini x = 3 ba layi ko ɗaya a samansa, littafinsa nake miƙa masa ya koma benci ya sake.