Yadda mai zaman shago zai tayar da jikinsa ba tare da ya ji ciwo ba

Ni tela ne, shagona yana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Shekara 22 ke nan ina kan keken ɗinki, daga hantsi har isha'i, in sallah ta gabato kuwa har tsakar dare. Wata rana na sunkuya zan ɗauki almakashi, baya ya riƙe, sai da yaron shago ya tallabe ni. A asibiti likita ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta ce tansiyona 16 da 10. Ta ce, "Malam, in aka wuce 14 da 9 an shiga hawan jini. Ga magani, amma ka tashi daga kujerar nan ka riƙa motsa jiki." Abin da na koya tun daga ranar nake son in ba 'yan'uwana masu zaman shago, da masu kabu-kabu, da ma'aikatan ofis.

Kada ka fara da ƙwallo. Wannan kuskuren na yi shi, kuma na biya. Sati guda da ganin likita na shiga cikin matasan unguwa, ban yi minti goma ba naman bayan cinyata ya tsinke mini, na yi sati uku ina ɗingishi. Jikin da ya yi shekara da shekaru a zaune, lallaɓa shi ake yi.

Fara da tafiya. Bayan sallar asuba, maimakon ka koma shimfiɗa, ɗaura takalmi ka miƙi hanya. Satin farko minti 15 ya isa: bakwai da rabi zuwa, bakwai da rabi dawowa. Kowane sati ka ƙara minti biyar har ka kai 30. Ni hanyar Mirya nake bi, don da sassafe motoci ba su yi yawa ba. Ma'aunin saurin kuwa ba ya buƙatar agogo: in kana iya gaisawa da abokin tafiya amma numfashi bai bar ka ka rera waƙa ba, to ka samu daidai. In ko gaisuwar ta gagara, rage sauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin su gudu da ƙwallo, sannan kwana biyu a sati ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa awa guda kullum. Kada lissafin ya tsorata ka. Minti 30 sau biyar a sati, ka cika 150 ɗin ke nan.

Me tafiyar take yi a ciki? Zuciya ita ma tsoka ce, in tana samun aiki sai ta yi ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa da bugu ɗaya. Jijiyoyin jini su saki, matsin ya ragu. Tsokar ƙafa kuma in tana aiki zuƙe sukarin da ke cikin jini take yi, shi ya sa ake matsa wa masu ciwon sukari su taka ko da minti goma ne bayan tuwon dare. Amma ka ji ni da kyau: ban ajiye maganina ba, kai ma kada ka ajiye naka sai likita ya ce. Kuma duk ranar da ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo yana gangarowa hannun hagu, tsaya nan take, a kai ka asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Sai bayan wata biyu na koma fili, wannan karon da sa'o'ina. Mu goma sha wani abu ne, akwai mahauci, akwai malamin makaranta, akwai direban da ke zuwa Agadas. Mun yi ƙa'idarmu: ƙaramin fili, minti 20 a huta, minti 20 a tashi, ba tadiya, ba shiga da ƙafa biyu. Kafin a taɓa ƙwallo kowa sai ya zaga fili sau uku a hankali, ya juya idon sawu da gwiwa da ƙugu har gumi ya fara tsatsafowa. Minti goman nan su ne ke raba ka da irin ɗingishin da na yi. Takalmi kuma ko na gwanjo ne ya wadatar, in dai ya kama ƙafa. Silifas kam a'a, ƙasarmu akwai tsakuwa da ƙaya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne sauyin da na gani a raina. Duk telan da ya san daren sallah ya san yadda tunani ke cin mutum: kayan mutane jibge, wuta ta ɗauke, masu kaya suna ta kira. Da can sai in kwanta ina juyi har kiran sallar farko, in tashi ina faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Masana sun ce in jiki ya motsa, ƙwaƙwalwa tana sakin wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira endofin, masu rage raɗaɗi da sanyaya rai, barci kuma ya yi nauyi. Na yarda da su, don na gani a jikina. Sai dai ni a ganina rabin maganin mutane ne. Minti arba'in ɗin da kake bin ƙwallo, ba ka tuna bashi, ba ka tuna kuɗin haya. In an tashi a zauna a kan dutse ana shan iska, a nan wani zai buɗe baki ya faɗi abin da ya yi wata yana cinsa. Akwai wani dattijo a cikinmu da matarsa ta rasu, ya daina fita ko'ina sai masallaci. Muka riƙa biya masa, "Baba, taso ka tsare mana gida." Wata uku ya yi yana tsaron raga ba ya cewa uffan. Ranar da ya kama wata ƙwallo ya tashi da ƙura a gemu yana dariya, mahaucinmu sai da ya juya baya ya share ido. Don haka in za ka fara, nemi abokin tafiya. Ranar da kasala ta kama ka, sallamarsa a ƙofar gida ce za ta fito da kai. In kuma baƙin ciki ya yi nauyi har mutum ya daina cin abinci ko ya fara ƙin rayuwa, wasa kaɗai ba zai wadatar ba, a kai shi ga likita.

Sai maganar yanayinmu. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, don haka asuba ce lokacinka, ko bayan la'asar sakaliya. Sha ruwa kofi biyu kafin ka fita, ka riƙe gora. In ka ga fitsari ya yi ja kamar shayin farko, ruwa bai ishe ka ba. Da hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya zauna a gida ya yi tsugunna-tashi da dannan ƙasa a ɗaki. Da azumi mu kan ɗage ƙwallo zuwa bayan tarawihi, tafiyar kuma a rage ta.

Mata fa? Uwargida ita ta fi ni ciwon gwiwa, ta ce kunya ba za ta bar ta ta fita ita kaɗai ba. Yanzu su huɗu ne da maƙwabta, da hijabansu, suna zaga unguwa bayan asuba. 'Yan matana kuma igiya na saya musu, suna tsalle a tsakar gida. Ina jin takaici in na ga an hana yarinya wasa da sunan ta girma, alhali ƙashinta a shekarun nan yake ginuwa.

Ba baƙon abu nake kawo muku ba. Garin shahararren ɗan kokowa Langa-Langa ne nan, kuma tun 1975 ake kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, a nan Nijar, duk muna manne da rediyo in an fara. Muna yara mun yi langa a dandali har wata ya faɗi. Abdulrazak Alfaga ya ɗauko mana lambar azurfa ta tekwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016, yara da yawa suka shiga tekwando saboda shi. Matasan da ke ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, ina yaba musu, roƙona ɗaya ne: ku bar ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙarfi, zuciya da ƙoda suke ci.

A shago kuwa, na ɗaura wa kaina doka: duk rigar da na gama, sai na miƙe na taka zuwa bakin titi na dawo kafin in ɗauki wata. Awon da aka yi mini watan jiya 13 da 8 ne. Likitar ta duba takarda ta dube ni, ta ce in dawo bayan wata uku.