Yadda ake ciyar da mai jego daga haihuwa zuwa arba'in

A da kaka ce ko goggo ke zuwa zaman jego, kuma tun kafin cibiya ta faɗi ta san abin da za ta ɗora a wuta. Yanzu sau da yawa yaya ce ko ƙanwa, wadda ita kanta haihuwarta ɗaya ko ma ba ta taɓa yi ba, za a bar wa mai jego da jariri da tukunya. Ke nake rubuta wa wannan. Na yi zaman jego sau bakwai, na ƙannena da na 'ya'yan yayyena, kuma duk kuskuren da zan ambata na gan shi da idona. Mafi muni a cikinsu da hannuna aka yi shi.

Mataki na farko: karanta katin awo kafin ki sayi gero

Tun ciki yana wata takwas za a fara tanadi, wannan kowa ya sani: gero, gyaɗa, busasshiyar kuka, itace ko gawayi, da yajin jego da aka daka da citta, kanumfari, masoro, kimba da barkono. Abin da ba a yi shi ne duba katin awo. Ki zauna da mai cikin ku buɗe shi, ki nemi abu biyu. Na ɗaya, awon jininta ya taɓa kai 140 bisa 90 ko ya wuce? Na biyu, an taɓa ce mata tana da ƙarancin jini? Idan ba ku gane rubutun ba, ki bi ta awo na gaba ki tambayi ma'aikaciyar jinya baki da baki. Amsar nan biyu ita za ta gaya miki yawan kanwar da za ta shiga tukunya, da irin abin da za ki fi matsa mata ta ci.

Ki daka yajin a gida. Na saye yawanci gishiri da ɗanɗano sun fi citta yawa a ciki, don su ne masu arha, kuma mai jego da ke barbaɗa shi a kowane kwano ba ta san yawan gishirin da take haɗiya ba.

Mataki na biyu: ranar haihuwa da kwana biyun da ke bi

A sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Dakashin nan mai kauri, mai ɗan rawaya, kada a matse shi a zubar. Ɗan kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko bai fi cokali ɗaya ko biyu yake ɗauka ba, kuma shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Nono na sosai yakan sauko a kwana na biyu zuwa na huɗu. A tsakanin nan ne 'yan barka ke cewa ba ta da nono, a kawo ruwan zuma ko madara. Ki tsaya kai da fata. Zuma ba ta jariri ba ce har sai ya shekara, kuma abin da ke saukar da nono shi ne yawan tsotso, dare da rana.

Ita kuwa uwar, ki fara mata da mai ruwa-ruwa da ɗumi: kunun gyaɗa, romon kaza, tuwo mai laushi da miyar kuka. Idan aiki aka yi mata, ki jira likita ya ce a ba ta, amma da ya ce, a ba ta. Na ga wadda aka ajiye kwana huɗu a kan ruwan shayi kawai don tsoron kada ɗinki ya buɗe, alhali rauni da abinci yake warkewa.

Mataki na uku: kunun kanwa

Nan zan daɗe.

Yadda nake yinsa: a surfa gero, a wanke, a jiƙa ya kwana, a niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a tace. Kanwa kuma ba a jefa ta gaba ɗaya a tukunya. A jiƙa ɗan guntu a kofi, a bari ƙasar ta kwanta, a tsiyayi ruwan sama kaɗai. Idan ruwan tukunya ya tafasa sai a zuba kaɗan daga ruwan kanwar, a dama ƙullun. Da kunun ya ɗan canja launi ya yi ƙamshin nan da kowa ya sani, an gama. In kin ɗanɗana kika ji yana sulɓi kamar sabulu a harshe ko yana ƙaiƙayin maƙogwaro, kin wuce iyaka, ki ƙara ƙullu da ruwa. Kofi ɗaya da safe ya isa. Sauran yini a ba ta kunun gyaɗa, kunun tsamiya ko koko. Wadda katinta ya nuna hawan jini, ko ƙafafunta suka kumbura da ciki, ko ta taɓa jijjiga, ba na sa mata kanwa ko ƙwaya ɗaya, ko da uwar mijinta za ta yi fushi da ni har arba'in.

Ga dalili. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ɗin da ke cikin gishirin miya shi ne ya cika ta. Duk inda ya taru a jiki yana riƙe ruwa. Mai ciki kuwa jininta yana ƙaruwa da kusan rabi kafin ta haihu, kuma a makonnin farko jiki yana ƙoƙarin zubar da wannan rarar ne ta fitsari da gumi. Shi ya sa za ki ga mai jego tana jiƙa zani da daddare. Idan kina ɗura mata kanwa safe da rana da dare, jiki na fitarwa ke kina mayarwa, zuciya ce ke ɗaukar nauyin.

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da wannan tun shekarun 1970. Davidson da Parry sun bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa abin da suka gani a 1978, inda suka danganta yawan ciwon da kunun kanwa da wanka da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ba al'ada kaɗai ba ce, akwai hannun hawan jinin ciki, da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam. Amma babu likitan da zai ce a ƙara wa zuciyar da ta gaji gishiri.

Kuskuren da na ce da hannuna aka yi shi, ƙanwata na yi wa, haihuwarta ta farko, ta zo wankan gida. Ni ke dama kunu, kuma a lokacin ina alfahari da cewa nawa ya fi na kowa kanwa. Fulas biyu take shanyewa a yini. Wajen kwana ashirin fuskarta ta cika, zoben hannunta ya ƙi fita, 'yan barka suna ta cewa jego ya karɓe ta. Sai ta fara tari da daddare. Ta ce in ta kwanta a miƙe numfashinta ba ya isa, sai ta tara filo uku ta jingina. Muka ce sanyi ne ya shige ta, muka ƙara zafin ruwan wanka, muka ƙara kanwa. Daren da na farka na gan ta zaune bakin gado, hannu biyu a kan gwiwa, tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu, jaririn yana kuka ta kasa ɗaukarsa, shi ne muka tafi asibiti. Likitan ya danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Tambayarsa ta farko gare ni ita ce, "Hajiya, me take sha?" Ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance, ta yi watanni tana shan magani. Allah Ya tashi kafaɗunta, yaron yanzu yana makaranta.

Don haka kowace safiya, bayan wanka, ki danna ƙaurin mai jegonki da babban yatsa, ki ƙirga biyar, ki ɗaga. Ɗan kumburin ƙafa a makon farko ba abin tsoro ba ne, yana saɓewa. Wanda ke ƙaruwa bayan mako ɗaya, ko ya hau fuska, ko ya zo da tari da haki, ba ƙibar jego ba ce. A tafi asibiti a ranar.

Mataki na huɗu: abin da ke mayar da jini

Kunu yana cika ciki, amma ba ya mayar da jinin da aka zubar. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci kamar kwano ɗaya matsakaici a kan abin da ta saba ci, kuma abin da ke cikin kwanon ya fi girmansa muhimmanci. Hanta sau ɗaya ko biyu a mako, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyahu, rama. Maganar cewa wake ko ƙwai na ɓata nono ba ta da tushe. Farfesun kaza da kayan ciki da ƙaurin da ake dafawa a kwanakin farko duk suna da kyau, matsalar ita ce naman jego yakan ƙare a bakin baƙi. Ki ɗebi nata ki rufe a ɗaki kafin ki fitar da na kowa. In aljihu bai kai kaza kullum ba, kuma na gidaje da yawa bai kai ba, dafaffen ƙwai biyu da faten wake da ganye sun fi kaza ɗaya da mutum goma suka raba.

Shayi kuma a raba shi da abinci. Ganyen shayi yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe da jini ke bukata, don haka a bari sa'a ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Lemo ko gwaiba a kan abinci kuwa suna taimakawa. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a awo kada a jefar da su ranar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ci gaba da sha na mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Suna baƙanta bayan gida, wannan ba komai.

Ruwa: kofi ɗaya duk lokacin da ta zauna shayarwa. In gidan ba sa yarda da mai sanyi, a ba ta mai ɗumi, ba abin faɗa ba ne, in dai tana sha. Mai ɗinki tana tsoron bayan gida, tsoron yana kawo taurin ciki, barkono mai yawa kuma yana ƙara mata azaba. Gwanda, kankana da miyar kuɓewa suna sauƙaƙa wannan. Ni a makon farko ina rage barkonon yajin, in bar citta.

Mataki na biyar: wanka

Ruwan ɗumi yana sassauta jiki, yana sa barci, ba na hana shi. Ganyen darbejiya ko na tsamiya ma babu laifi. Ma'aunina ɗaya ne: idan ba za ki iya barin gwiwar hannunki a cikin ruwan ba, a surka. Na ga bayan da ya saɓule saboda tafasasshen ruwa. Ta ci wani abu kafin ta shiga, ta zauna a kan kujera, kada a bar ta ita kaɗai, don jiri yana kayar da mai jego. Wadda aka yi wa aiki ba a fyaɗa mata ganye a ciki, wurin ɗinkin a bar shi a bushe yadda asibiti suka ce. Garwashi a rufaffen ɗaki kuma ba da mai jego ba, ba da jariri ba, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Mataki na shida: abin da ba a jira da shi

Jinin biƙi yana farawa ja, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya ƙare fari-fari, yana iya kai mako huɗu zuwa shida. Idan tana jiƙa ƙunzugu cikin sa'a ɗaya, ko manyan gudaji na fita, ko yana wari, ko zazzaɓi ya kama ta, asibiti. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi ma haka, domin hawan jini yakan tashi a kwana na uku zuwa na shida bayan haihuwa, har ga wadda ba ta da shi da ciki. Shi ya sa nake so a auna ta kafin suna. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, asibiti. Yawan kuka ba dalili a kwanakin farko abu ne sananne, amma in ya wuce mako biyu, ko ta daina cin abinci, ko ba ta son a miƙo mata jaririn, kada a ce shagwaɓa ce, a kai ta ta ga likita.

Ranar suna ita ce ranar da mai jego ta fi yunwa, kowa na hidimar baƙi. Ki ba ta abinci da sassafe kafin a fara shigowa, ki sa wata ta riƙa janye ta ɗaki tana shayarwa.

Daga mako na uku ki daina kunun kanwa gaba ɗaya in tana sha, ki ci gaba da sauran. Ta riƙa zagaya tsakar gida, kwanciya kullum ba hutu ba ce. Jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa ba ya bukata. Kwana biyu bayan arba'in mako shida ke cika, ranar komawa asibiti ke nan: a auna jininta, a duba ɗinki, a yi maganar tazarar haihuwa, a yi wa jariri allurar riga-kafi ta mako shida. Ki sa a je wannan kafin a fara yawon arba'in, don in aka fara zaga dangi sai an yi wata ba a je ba.